Zobe a Bakin Tumbi: Nazarin Jinya da Zaman Yau da Kullum Bayan Tiyatar Rage Ƙiba a Kaduna

Tiyatar sanya zobe a tumbi tana cikin ayyukan da likita kan kammala cikin sa'a guda ko ƙasa da haka, amma wanda aka yi wa ya shafe shekaru yana hidimarta. Wannan nazari ya dubi abin da ke biyo bayan aikin ga mutumin da gidansa ke Unguwan Rimi ko Malali ko Kawo ko Tudun Wada, wanda aka yi wa tiyatar a wani gari, a asibitin kuɗi na Abuja ko Legas, ko a Alƙahira, Indiya, Dubai ko Turkiyya, sannan ya dawo ya ci gaba da cin abincin gidansu. Matsayin da na tsaya a kai shi ne, makomar zoben ta fi rataya a kan abubuwa biyu: kusancin likitan da zai riƙa daidaita shi, da yadda mai shi zai sake koyon cin abinci a cikin al'ummar da ke haɗiye lomar tuwo ba tare da tauna ba.

Zoben na roba ne mai laushi da ake kira silikon, a cikinsa kuma akwai 'yar jaka mai kumbura. Ana zagaya shi a saman tumbi, ɗan ƙasa da inda hanyar abinci ta shigo, ya bar ɗan aljihu a sama wanda bai wuce cin mililita 15 zuwa 30 ba, wato babban cokali ɗaya zuwa biyu. Wani siririn bututu ya taso daga zoben zuwa wata 'yar mashiga da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita ke soka allura ya ƙara ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, zoben ya matse, ko ya zuƙe shi, zoben ya saki. Ba a yanke tumbi, ba a taɓa hanji, kuma ana iya cire zoben. Wannan ne ya sa ya yi farin jini da wuri.

Da farko an ɗauka aikinsa tare hanya ne kawai, abinci ya taru a aljihun ya hana a ƙara. Binciken da aka yi a Jami'ar Monash ta Ostireliya ya nuna al'amarin ya fi haka zurfi. Idan zoben ya daidaitu, kowace loma ƙarama takan wuce ta cikinsa cikin kimanin minti guda, hanyar abinci tana tura ta da matsa bayan matsa, wannan matsar kuma ita ke taɓa jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Ke nan wanda ya yi loma ashirin ƙanana cikin minti ashirin zai ji ya ƙoshi, wanda kuwa ya yi manyan loma uku a gurguje zai ji abu ya tokare masa ƙirji, ya yi amai, bayan sa'a guda yunwa ta dawo.

Zoben da ake iya daidaitawa ya samo asali ne a tsakiyar shekarun 1980, daga aikin Dag Hallberg da Peter Forsell a Suwidin da na Lubomyr Kuzmak a Amurka. Wanda ya yi suna wajen fara sanya shi ta ƙananan huda, ba tare da an buɗe ciki ba, likita ne haifaffen Habasha, Mitiku Belachew, a garin Huy na Beljiyam a 1993. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001. Zuwa 2011 fiye da kashi ɗaya cikin uku na tiyatar rage ƙiba a Amurka zobe ne. Zuwa 2019 ya faɗo zuwa kusan kashi 1 cikin 100, tiyatar yanke mafi yawan tumbi ta maye gurbinsa. Duk mai tunanin sanya zobe yau ya kamata ya tambayi kansa dalilin da ya sa ƙasashen da suka ƙirƙire shi suka ja da baya.

Amsar tana cikin bincike uku. A 2011 Jacques Himpens da abokan aikinsa a Beljiyam suka wallafa sakamakon bibiyar waɗanda aka sa wa zobe tsakanin 1994 da 1997. Cikin mutum 82 da aka samu bayan shekara 12 ko fiye, kusan rabi an cire musu zoben, kusan kashi 28 cikin 100 kuma zoben ya ci bangon tumbi ya kutsa ciki. A 2013 Paul O'Brien na Melbon a Ostireliya ya fitar da nasa kan mutum 3,227: waɗanda suka kai shekara 15 sun riƙe raguwar kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu, waɗanda aka cire wa zoben ba su kai kashi 6 cikin 100 ba, ko da yake da yawa sai da aka sake shiga aka gyara. Wani ɓangare na wannan tazara ya zo ne daga salon sanyawa, domin na shekarun 1990 ya fi saurin zamewa. Amma asibitin Melbon an gina shi ne a kan bibiya, majinyaci na dawowa a kai a kai tsawon rayuwarsa, kuma O'Brien kansa a kan wannan ya jingina sakamakonsa. Na uku shi ne gwajin By-Band-Sleeve na Ingila, wanda ya raba mutum fiye da 1,300 gida uku, aka wallafa sakamakonsa a 2025. Bayan shekara uku, waɗanda suka rage aƙalla rabin rarar nauyinsu sun kai kashi 68 cikin 100 a tiyatar karkata abinci zuwa hanji, 41 a yanke tumbi, 25 kacal a zobe.

Yana da kyau a fahimci abin da rabin rarar nauyi ke nufi a jikin mutum. Mace mai tsawon mita 1.62 da nauyin kilo 110, ma'aunin BMI nata, mai gwada nauyi da tsawo, ya kusa 42. Nauyin da zai kai ta 25, iyakar nauyin kima, shi ne kusan kilo 66, rararta ke nan kilo 44. Idan tiyata ta yi kyau ta rage 22, za ta tsaya a kilo 88. A idon dangi har yanzu mai jiki ce. A wurin gwiwarta da hawan jininta da sukarinta kuwa canjin babba ne. Gwajin John Dixon na 2008 kan mutum 60 da ba su daɗe da kamuwa da ciwon suga ba ya nuna cutar ta lafa a kashi 73 cikin 100 na masu zobe, a kan 13 na waɗanda suka tsaya ga magani da gyaran abinci. Amfanin zoben gaskiya ne, sai dai yana da sharaɗi.

Makonnin farko su ne mafi sauƙin bayani. Akan sallami mutum ran aikin ko washegari, da huda huɗu ko biyar a ciki. Wadda ta fi zafi ita ce ta wurin mashigar allura. Kafaɗar hagu kan yi ciwo na 'yan kwanaki saboda iskar da aka hura a ciki lokacin aiki. Ana so ya tashi ya taka tun ranar farko don gudun daskarewar jini a ƙafa, kuma wanda zai hau jirgi daga Delhi ko Istanbul ya zauna sa'o'i masu yawa wuri guda yana da ƙarin dalilin tambayar likitansa ranar da ta dace ya taso. Mako ɗaya zuwa biyu ruwa-ruwa ne kawai, sai mako biyu na abin da aka niƙa ya yi sumul, sai mai laushi, kafin a koma abinci sosai wajen mako na shida. Manufar ita ce ɗinkin da ya riƙe zoben ya kama ba tare da yunƙurin amai ya girgiza shi ba. Romon kaza da aka tace, kindirmo marar sukari, kunun gyaɗa mai tsinki, daga baya alale mai laushi, dafaffen ƙwai da faten wake da aka dama sosai, duk suna cikin gidajenmu. Ma'aikacin ofis kan koma aiki cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ɗaukar jarkar ruwa, ɗaga buhu ko goya yaro sai bayan mako huɗu zuwa shida. Idan ruku'u da sujada na jan ɗinki, a yi sallah a zaune har ciwon ya sauka.

Inda wahalar take shi ne ranar da aka ajiye malmalar tuwo a gaban mai zobe. Bahaushe ba ya tauna tuwo. Yakan gutsuro loma, ya mulmula ta a tafin hannu, ya dangwala babban yatsa ya yi mata rami, ya ɗebo miyar kuka ko kuɓewa, yauƙin miyar ya zarce da ita ciki a haɗiya ɗaya. Haka aka koya masa tun yana yaye, kuma wanda ke tauna tuwo a gaban mutane har kallonsa ake yi. Wannan lomar, mai danƙo, mai girman ƙwan kaza, ita ce ainihin abin da zobe ba ya yafewa. Tana isa ƙofar da ba ta fi faɗin ɗan yatsa ba ta tsaya. Sai nauyi a tsakiyar ƙirji, yawu ya cika baki, wani lokaci har ciwon ya haura baya, sai an fita an dawo da ita. Ɗanwake ma haɗiye shi ake yi. Sakwara da teba da amala, waɗanda zaman Kaduna ya mayar da su abincin kowa, hanyarsu ɗaya. Sabon burodin mai shayi da gurasa sukan dunƙule su koma ƙullu. Kilishi da tsire da balangun da ya bushe a wuta suna da zare-zaren da haƙori ba ya gamawa da su. Ba a ce an haramta su duka har abada ba, mutane sun bambanta. Amma lomar dole ta koma kamar rabin ƙaramin cokali, a tauna ta har ta narke, a ajiye hannu a jira kafin a ɗauki ta gaba, a tashi bayan minti ashirin ko da akwai saura. Ruwa kuma a sha kafin abinci ko bayan rabin sa'a, alhali mu mun saba kora kowace loma da shi.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Wanda nama da tuwo suka wahalar yakan koma ga abin da ke wucewa salin-alin, kuma abin shanmu duk mai nauyi ne: fura da nono da aka zuba wa sukari, kunun aya, kunun zaƙi, zoɓo, shayi mai kaurin madara, lemon kwalba. Kwalba mai santilita 50 ta lemo tana ɗauke da sukari kusan giram 50, fiye da ƙaramin cokali 12. Zobe ba ya tare ruwa. Sai mutum ya wayi gari yana amai idan ya ci nama, nauyinsa kuwa bai motsa ba, ya yanke cewa zoben bai matse ba ne, ya nemi a ƙara ruwa. Ƙarin ya sa abinci mai tauri ya ƙara gagara, ya ƙara komawa ga kunu. Likitocin Melbon sun raba halin zobe gida uku da launuka: rawaya idan ya yi sako-sako mutum na jin yunwa, kore idan ɗan abinci na ƙosarwa ba amai, ja idan ya matse har ana ƙwannafi da tarin dare da dawo da abinci. Da yawa daga masu zaune a ja sun ɗauka nan ne daidai, domin a tunaninsu wahala ita ce alamar aiki na ci. Ana son giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne. Kifi, awara, wake, dambun kaza da aka jiƙa da miya da naman da ya dahu lugub su ya kamata su fara shiga kafin tuwo ya sami wuri.

Sai mutane. A ƙasarmu ƙiba ta daɗe tana nufin hutu da wadata, har yau kuma ana sayar wa 'yan mata ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi jiki kafin aure. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne, yayin da a Arewa maso Yamma fiye da rabin yara ƙanana suka tsumbure saboda ƙarancin abinci. A irin wannan wuri, wadda ta biya miliyoyi don ta kasa cin abinci ba ta cika son a sani ba, sai ta ɓoye. A wurin walima a ajiye mata faranti shaƙe da shinkafa da kaza da waina, ta ɗan taɓa ta janye hannu. Uwar biki ta matso: "Haba Hajiya, ko girkin namu ne bai yi miki ba? Don Allah ki ƙara." Ta ƙara don kunya, ta tashi ta nufi banɗaki. Bayan wata shida kaya sun yi mata yawa, surukai su fara tambayar ko lafiya, wasu su kawo maganar sammu, wasu su zargi maigidan. A ganina ɓoyewar tana da tsada. Aƙalla miji ko mata, da mai girkin gidan, da mutum ɗaya da zai iya kai ta asibiti cikin dare, ya wajaba su san abin da ke cikinta da sunansa.

Azumi yana da nasa hukunci. Ƙwararrun wannan fanni suna ba da shawarar a jinkirta azumi wata 6 zuwa 12 bayan tiyata, shari'a kuma ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya, don haka magana ce ta likita da malami tare. Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo cikin Maris, farkon zafin bazara a Kaduna. Mai zobe yana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwa a rana, kuma ba ya iya kwankwaɗa, sai kurɓa-kurɓa tsakanin magariba da asuba, yana ware lokacin abinci. An san zobe ya fi matsewa da sassafe, wato daidai lokacin sahur, shi ya sa ruwan ɗumi kafin ci da abinci mai laushi suka fi dacewa da shi. A buɗa-baki yunwa ke sa gaggawa, fatar dabino da ƙosai mai zafi da aka haɗiye rabi-rabi su tsaya. Babbar Sallah kuma ga soyayyen naman layya da ya bushe ƙayau, wanda ya fi kowane nama wuyar wucewa.

Duk wannan ana iya koyo. Abin da mutum ba zai iya yi wa kansa ba shi ne daidaita zoben. Akan fara zuba ruwa mako huɗu zuwa shida bayan aiki, sannan a riƙa dawowa kusan kowane wata ko wata biyu a shekarar farko, daga baya sau ɗaya ko biyu a shekara. Aikin kansa minti kaɗan ne. Majinyaci ya kwanta, ya ɗan ɗaga kai don naman ciki ya ɗaure, likita ya laluba mashigar da yatsu biyu, ya soka allura ta musamman wadda ba ta fasa robar, ya zuƙo ruwan ya ga adadinsa, ya mayar da ƙarin rabin mililita ko ɗaya, ya miƙa masa kofin ruwa ya sha a gabansa don a tabbatar yana wucewa. Rabin mililita na iya raba kore da ja. To wanda likitansa ke Alƙahira fa? A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, cikin 2024 ta haura 1,500. Tafiyar da aka tsara da tsohon lissafi ta ninka uku. Ko Abuja, mai nisan kusan kilomita 190, ba kullum take kusa ba: bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasa ran 28 ga Maris 2022, jirgin daga Rigasa ya tsaya har zuwa Disambar wannan shekara, a lokacin da mutane ke tsoron bin titi.

Arewacin kogin Kaduna ba ya rasa likitocin fiɗa. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, akwai asibitin sojoji na 44, akwai na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Amma zobe abu ne da likita kan daɗe bai gamu da shi ba idan ba fanninsa ba ne, allurarsa kuma ba kayan da ake ajiyewa ko'ina ba ce. Saboda haka nake ganin kuskure ne babba mutum ya hau jirgi kafin ya zauna da likitan fiɗa a gida, wanda ya yarda zai karɓe shi idan ya dawo. Ya kuma dawo da takardar da ta faɗi samfurin zoben, iyakar ruwan da yake ɗauka, adadin da ke ciki, wurin da mashigar take, da hoton eksire na farko da za a riƙa gwada na gaba da shi, tare da 'yan allurai a hannunsa.

Dalilin wannan tanadi shi ne zamewar zobe. Idan tumbi ya turo ta cikin zoben ya kumbura a sama, mutum kan kasa haɗiye ko da yawunsa. Wanda ya kwana ɗaya ruwa ba ya zama a cikinsa, ko yake aman jini, ko ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, ko numfashi ya yi masa wuya, gaggawa ce, domin jini na iya daina kaiwa ga ɓangaren da aka shaƙe. Matakin farko zuƙe ruwan zoben ne gaba ɗaya, kuma a irin wannan hali ko da allura ta yau da kullum ana yi. Abin tsoro a nan shi ne al'adarmu ta zuwa kemis: a ce olsa ce ko taifot, a ba da magani, kwana uku su wuce. Amai na makonni yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuma na taɓa ƙwaƙwalwa da gani da tafiya, wani lokaci ba ya gyaruwa. Ja da kumburi a wurin mashiga bayan watanni ko shekaru na iya zama alamar zoben ya ci bangon tumbi, sai an leƙa ciki da na'ura. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa, suna ƙara cin bangon tumbi, a bar su sai da izinin likita. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya riƙa gwaji, domin adadin da ya dace da kilo 110 na iya kayar da shi a kilo 95. Mace kuma haihuwa kan buɗe mata da zarar nauyi ya fara sauka, ana so ta jira wata 12 zuwa 18, idan ciki ya shiga da laulayi mai amai akan sassauta zoben.

Motsa jiki shi ne ɓangaren da birnin ya sauƙaƙa. Masu zagaya Dandalin Murtala da sassafe sun san haka, rabin sa'a ta tafiya a yawancin ranakun mako ta isa mafari, kuma tana kare tsoka daga zubewa tare da kitse.

Yanzu akwai allurai irin su semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021 bayan gwaji ya nuna raguwar kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki, adadin da ya yi kusa da kashi 14 da wani babban bincike na Suwidin ya samu ga masu zobe bayan shekara 10. Suna da tsada, suna buƙatar firji a garin da wuta ke yanke wa, nauyi kan dawo idan an daina, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu a 2024. Duk da haka sun ƙara rage dalilin sanya sabon zobe. Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda aka sa wa tun yana tashe, shekara goma ko sha biyar da suka wuce, suka daina zuwa bibiya, suka saba da ƙwannafi da tarin dare har suka ɗauke su halin jikinsu. Zoben da ya daɗe a matse yana buɗa hanyar abinci ta saki, abin da ke taruwa a cikinta kuma ya riƙa kwarara huhu cikin barci. Irin wannan mutum yana buƙatar hoton haɗiyar ruwan bariyom da ganin likitan fiɗa ko da yana jin lafiyarsa ƙalau. Idan ta kama a cire, mafi yawa nauyi kan dawo musu, shi ya sa akan tattauna juya aikin zuwa yanke tumbi ko karkata hanji, a zama ɗaya ko bayan 'yan watanni, kuma wannan tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya saboda tabon da zoben ya bari a bangon tumbi.